Yoyon Ɗaki da Fumfuna a Gidan Haya: Wa Ke da Alhakin Gyara?

 

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An yi wannan karin magana ne a zamanin da mai ɗaki shi ne mai kwana a cikinsa. Shi ya gina, shi ne kuma yake hawa soro da bazara ya duba inda ya tsage, ya yi yaɓe, ya shafa makuba, ya gyara indararo tun hadari bai haɗu ba. Yau kuwa a biranenmu ɗaki guda masu shi biyu ne. Akwai wanda ya mallake shi amma ba ya kwana a ciki, akwai kuma mai kwana a ciki amma bai mallake shi ba. Wanda ya san inda ruwa ke zuba ba shi da ikon taɓa rufi, wanda ke da ikon taɓa rufi kuwa bai san inda ruwa ke zuba ba, ko kuma ya sani ya kau da kai. Daga nan rigima take farawa, wadda takan kai mutane gaban alƙali bayan sun yi shekaru suna gaisawa da mutunci.

Ni kaina na taɓa zama a irin wannan ɗaki sa'ad da na fara aiki. In hadari ya taso da dare sai in tashi in jera kwanoni uku da bokiti guda, in jawo katifa zuwa kusurwar da ba ta zuba. Na yi damina guda cur ina gaya wa mai karɓar kuɗin haya da baki, yana cewa zai faɗa wa mai gida. Ranar da na haɗu da mai gidan da kansa, ya rantse mini bai taɓa jin labarin ba. Har yau ban san wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu ba, kuma ba ni da takarda ko guda da zan nuna.

Bari mu fara da ruwan kansa, domin mutane da yawa suna raina shi. In aka yi ruwa na milimita ɗaya, kowace murabba'in mita ta rufi ta karɓi lita ɗaya ke nan. Gidan da rufinsa ya kai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 30 a dare guda, lita 3,000 ce ta sauka a kansa, watau duro 15 na lita 200. Legas tana samun fiye da milimita 1,500 a shekara, Fatakwal fiye da 2,000. Kano ba ta kai su ba, amma nata ruwan yana taruwa ne a watanni kaɗan, galibi Yuli da Agusta, lokacin marka, sa'ad da bango ba ya samun ranar da zai bushe. Saboda haka ƙusa guda da ta yi tsatsa ta bar huda a kwano ba ƙaramar ƙofa ba ce.

Ba daga sama kaɗai ruwa ke shiga ɗaki ba, kuma sanin inda ya fito shi ne rabin shari'ar. Akwai na rufi: kwanon da ya huje, ko wanda iska ta ɗaga, ko magudanar rufi da ganye da leda suka toshe har ruwa ya koma ciki, ko kankaren saman bene da ya tsage. Akwai na bututu, wanda aka binne a cikin bango ko ƙarƙashin daɓe, yana tsiyaya ba dare ba rana, rani da damina. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara, balle bututun da ya fashe a ɓoye. Akwai kuma wanda ke tasowa daga ƙasa. In magini bai shimfiɗa ledar da ke tare danshi a kan harsashin gini ba, bulo yakan tsotsi ruwa kamar yadda lagwani ke tsotsar kananzir. Alamarsa ita ce gindin bango ya yi duhu har wajen gwiwa ko ƙugu, fenti ya kumbura yana ɓarewa, wani farin gari mai kama da kanwa ya fito. Duk waɗannan aibin gini ne, ɗan haya ba shi da hannu a cikinsu.

Amma akwai danshin da mazauna ɗaki ke jawowa da kansu, kuma dole a faɗi wannan ko da ba za a ji daɗi ba. Ɗaki guda mutum shida, taga a rufe dare da rana saboda sauro ko ɓarayi, ana dafa abinci a ciki, ana shanya wanki a ciki, an jingina durowar kaya da bango babu ko tazarar hannu. Tururi da numfashi ba su da mafita, sai su kwanta a jikin bango mai sanyi su zama raɓa. Haka kuma wanda ya bar famfon banɗaki a buɗe sa'ad da babu ruwa ya tafi kasuwa, ruwa ya dawo ya malale har ɗakin na ƙasa, ko wanda ya toshe kwata da ragowar tuwo da ƙunzugu, ba shi da bakin cewa gida ne ba shi da kyau.

Inda danshi ya zauna, fumfuna takan biyo baya. Ita wannan abu mai rai ne, dangin wadda ke fitowa a kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu. Ƙwayoyin irinta suna yawo a cikin iska ko'ina, ido ba ya ganinsu, abin da suke jira kawai shi ne wuri mai laima. A kan katako, da silin, da katifa, da takarda, da fata, takan fara kama cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Sai ka ga baƙi-baƙi ko kore-kore a kusurwa, ka ji wani wari mai nauyi da turare ba ya kashewa. Takalmin sallah ya yi fari, shadda ta yi tabo a cikin akwati, takardun shaidar karatu su manne da juna.

Hasarar kaya da sauƙi a kan hasarar lafiya. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa masu zama a irin waɗannan ɗakuna sun fi kamuwa da tari, da shessheka, da cututtukan numfashi, kuma asma takan tsananta. Abin ya fi taɓa jarirai, da tsofaffi, da waɗanda wata cuta ta riga ta raunana. A garin Rochdale na Ingila, cikin Disamba 2020, wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu, binciken da aka kammala a 2022 kuma ya tabbatar da cewa daɗewa yana shaƙar fumfuna a gidan hayar iyayensa ne ya yi sanadi. Iyayen sun sha kai kuka ba a gyara ba. Wannan ya sa ƙasar ta yi doka a 2023 wadda ta ɗora wa hukumomin gidajen haya wa'adin bincike da gyara, ta kuma fara aiki a Oktoba 2025. In ɗanka yana tari duk damina, yana samun sauƙi in ya je hutu wajen kakanninsa, to ka dubi bangon ɗakin da yake kwana, ka kuma gaya wa likita abin da ka gani. Kada a manta da haɗarin da ya fi gaggawa: ruwan da ya taru a silin yana iya taɓa wayar lantarki, silin da ya jiƙe yana iya ruftowa a kan masu barci, ginin ƙasa kuwa in gindinsa ya sha ruwa faɗuwa yake yi ba sallama.

To, wa zai gyara? Abu na farko da ya kamata a sani, sha'anin hayar gida a Nijeriya na jihohi ne. Kowace jiha da tata doka, Abuja ma da tata, ana kuma yi musu gyara lokaci lokaci. Saboda haka wanda ke zaune a Agege, da na Sabon Ibadan, da na Fagge, ba lalle ne hukunci guda ya hau kansu ba. Amma akwai inda duk suka haɗu: abin da alƙali zai fara tambaya shi ne yarjejeniya. Me kuka rubuta ranar da aka ba da mabuɗi? Yawancinmu kuwa ba mu rubuta kome. A biya dillali la'adarsa, a karɓi rasit in an yi sa'a, shi ke nan.

Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 misali ce mai kyau, domin ta fayyace abin da ke kan kowa in yarjejeniya ba ta ce wani abu dabam ba. Sashe na 8 ya ɗora wa mai gida gyara da kula da wajen ginin da wuraren da masu haya suka yi tarayya a kansu. Sashe na 7 kuwa ya ɗora wa ɗan haya riƙe wurin da kyau, ban da lalacewar da tsufa da amfanin yau da kullum ke kawowa. Ya wajabta masa sanar da mai gida da wuri in wata babbar ɓarna ta sami ginin, da barin mai gida ko wakilinsa su shiga da rana su duba su gyara bayan sun ba da sanarwa a rubuce, ya kuma hana shi sauya fasalin ginin sai da izini a rubuce. Dokar ba ta haɗa da Apapa, da Ikoyi, da Victoria Island, da unguwar GRA ta Ikeja ba. Bisa wannan, rufi da jikin bango da babbar magudana na mai gida ne, robar kan famfo da share kwata da buɗe taga na ɗan haya ne.

A wuraren da babu irin wannan tanadi, kuma babu yarjejeniya a rubuce, ɗan haya yana iya shan mamaki. Tsohuwar ƙa'idar shari'a da muka gada daga Ingila ba ta tilasta wa mai gida gyaran gidan da ya bayar haya babu kaya a ciki ba, sai in ya yi alkawarin haka. Malaman fiƙihun Malikiyya ma sun tattauna wannan mas'ala tun ƙarnoni da suka wuce, har Muhtasar na Shehu Halil ya kawo zubar ruwa daga rufi a matsayin misalin aibi mai cutarwa. Abin da ya tafi a kai shi ne ba a tilasta wa mai gida ya gyara, amma ɗan haya yana da zaɓi: ko ya warware hayar ya fita, ko ya zauna, in kuwa ya zaɓi zama to kuɗin haya yana kansa. A ganina zaɓin fita yana da sauƙin faɗi, amma ga magidancin da ya biya shekara guda gaba, ya biya dillali, ya sa yara a makarantar unguwa, fita ba wasa ba ce. Shi ya sa layi biyu a takarda, cewa gyaran rufi da bututu da bango yana kan mai gida, kuma zai yi shi cikin kwana kaza daga ranar da aka sanar da shi, ya fi dogon musu daga baya.

Yanzu ga 'yan haya. Kuskuren da ya fi kayar da ku shi ne riƙe kuɗin haya. Mutum ya ce tun da an ƙi gyara, shi ma ba zai biya ba. A zuci wannan adalci ne, amma a kotu sau da yawa ana ɗaukar biyan haya da yin gyara a matsayin alkawari biyu, kowane da kansa yake tsaye. Mai gida zai zo da lissafin bashin wata shida, wanda ba ya bukatar dogon bayani, kai kuwa ka zo da labarin yoyo wanda ba ka da shaida a kansa. Ka shiga da gaskiyarka, ka fito kai ne mai laifi.

Abin da ya kamata ka yi shi ne, ranar da ka ga ruwa ka ɗauki hoto da wayarka, ka ɗauki na motsi sa'ad da yake zuba. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da irin wannan shaida in an cika sharuɗɗanta. Ka rubuta wa mai gida takarda gajera cikin ladabi, da kwanan wata, ka faɗi ɗakin, da wurin, da ranar da abin ya fara, ka riƙe kwafi. Saƙon waya ma ya fi maganar baki. Wannan ba rashin kunya ba ne, ko da mai gidan sa'an mahaifinka ne. Kana iya kai masa takardar da hannunka bayan ka gaishe shi. Muhimmancinta shi ne, galibi alhakin mai gida a kan aibin da ke cikin ɗakinka yana farawa ne daga sa'ad da ya sani. Sa'an nan ka kawar da kayanka daga inda ruwa ke zuba. Wanda ya bar katifa a ƙarƙashin yoyo wata uku domin hasarar ta yi yawa a biya shi, ba zai sami yadda yake so ba.

In mai gida ya ce ka gyara a cire daga kuɗin haya, madalla, amma a rubuta: nawa ne, wane aiki, daga wane wata za a cire. Ka karɓi rasit na kwano da siminti, ka sa kafinta ko mai gyaran famfo ya rubuta abin da ya karɓa. Alal misali, tela ya kashe kuɗinsa ya sauya kwanon shago domin kayan mutane suna jiƙewa, ya dogara da cewa Alhaji ya ce ba kome. Shekara ta zagayo, Alhaji ya rasu, magada suka ce ba su san zancen ba, har suka ƙara kuɗin haya tun da shagon ya yi kyau. Irin wannan ba sabon abu ba ne a wajen masu sulhu.

Ku kuma masu gida, akwai naku. Shafa fenti a kan fumfuna ba gyara ba ne, bayan makonni kaɗan za ta huda fentin ta fito. Kuɗin da kake gudun kashewa a kan kwano biyu, baɗi za ka kashe ninkinsa a kan katakon rufi da ya ruɓe, da silin, da waya. A ginin bene kuwa, ruwan da ya kai ga rodin cikin kankare yana sa shi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren. Gidan naka ne, ɗan haya zai tafi wata rana ya bar ka da shi.

Akwai kuma masu gidan da in aka kawo musu ƙorafi sai su ce wanda bai iya zama ba ya tashi. Doka ba ta hana ka karɓar gidanka ba, amma ta shimfiɗa hanya. A Legas da Abuja, in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan wata-wata yana da sanarwar wata guda, mai biyan shekara-shekara yana da wata shida. In wa'adin ya cika bai fita ba, sai a ƙara masa sanarwar kwana bakwai cewa za a je kotu, kotu ce kuma za ta fitar da shi. Cire masa kwano, ko ƙofa, ko kawo 'yan daba su watsar da kayansa, laifi ne. Dokar Legas ta 2011 ta yanka masa tarar da ba ta wuce naira 250,000 ba ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. A shekarar 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Jihar Legas saboda ta fitar da Cif Odumegwu Ojukwu da ƙarfi daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. Abin da aka hana gwamna mai bindiga ba za a yarje wa mai ɗaki takwas ba.

In magana ta ƙi ci tsakaninku, ba kotu ce matakin farko ba. Mai unguwa, ko limami, ko Sarkin Hausawa ga mazauna kudu, sukan kashe irin wannan wuta a zama guda, sai dai a rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu. Akwai kuma duba-gari na ƙaramar hukuma, wanda mutane suka ɗauka aikinsa kama masu datti ne kawai. Yana da ikon duba gida, ya ba da takardar umarnin kawar da abin da ke cutar da lafiya, rahotonsa kuma shaida ce daga wanda ba ya goyon bayan kowa. Jihar Legas tana da cibiyar sulhu ta jama'a tun 1999, wadda ke sauraron rigimar haya kyauta, akwai kuma zaurukan sulhu a ƙarƙashin manyan kotunan Legas da Abuja da Kano. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya yana iya neman shawara a ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976. In an kai ga kotu, mai neman diyyar kayansa sai ya nuna cewa gyaran yana kan mai gida, an sanar da shi, ya yi sakaci, ga kuma ƙimar abin da ya lalace. In ruwan daga ɗakin maƙwabcin sama ya fito saboda sakacinsa, to shi za a bi.

Game da wanke fumfunar, sai an tsayar da ruwan tukuna, in ba haka ba aikin banza ne. A buɗe tagogi, a fitar da yara da mai asma, a rufe hanci da baki, a sa safar hannu. A goge da ruwa da sabulu, ko da ruwan bilic kofi guda cikin lita huɗu na ruwa, a bar wurin ya bushe sarai kafin a yi fenti. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanke masai, haɗin yana fitar da iska mai guba. Katifa ko kafet da fumfuna ta shige cikinsa sosai ba ya wankuwa. In wurin ya wuce faɗin mita guda, aikin ya fi ƙarfin tsumma, a nemi gwani. Tsohon silin na asbesto kuwa kada a kankare shi ko a farfasa shi a bushe, ƙurarsa tana lahanta huhu.

Wanda ke neman gida yanzu, in da hali ya je dubawa da damina, washegarin ruwa. Ya ɗaga kai ya dubi silin ko akwai zagayen tabo mai ruwan ƙasa, ya shafa gindin bango da tafin hannu, ya buɗe famfo ya ga inda ruwan ke bi. In ya ga bango guda kaɗai aka yi wa sabon fenti, ya tambayi dalili. Ya tsaya ya gaisa da matar da ke ɗakin kusa, ita ce za ta gaya masa abin da dillali ba zai faɗa ba. Duk aibin da ya gani a rubuta shi a takarda ranar karɓar mabuɗi, shi da mai gida su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa, domin ranar fita kada a cire masa kuɗin tabon da ya tarar.